Henry Johnson: Jarumin da lambar yabonsa ta yi shekara 97 a hanya

A daren 14 ga Mayu, 1918, wayewar garin 15 ga wata, wani ƙaramin soja baƙar fata ɗan Amurka mai suna Henry Johnson ya tari ayarin sojojin Jamus da suka kawo farmaki wurin da yake gadi, a arewa maso gabashin Faransa. Ya jefe su da gurneti har gurnetin ya ƙare, ya koma ga bindiga har ta cije, ya mayar da ita kulki har gindinta ya tarwatse, sannan ya zaro wuƙa. Kafin gari ya waye ya ƙwato abokin gadinsa daga hannun maharan, ya fatattake su suka koma inda suka fito, shi kuma ya zube da rauni 21 a jikinsa.

Ba a yi mako guda ba labarin ya isa teburin babban kwamandan sojojin Amurka a Turai, ya kuma mamaye shafukan farko na jaridun New York. Faransa ta ba shi lambar yabo tun yana kwance yana jinya. Ita kuwa ƙasarsa, sai ranar 2 ga Yuni, 2015 ta ba shi Medal of Honor, lambar jarumta mafi daraja a rundunar sojanta, shekara 97 bayan aukuwar abin, kuma kusan shekara 86 bayan an binne shi. A duk tsawon wannan lokaci hukuma ba ta taɓa musanta abin da ya aikata ba, shaidu kuma suna nan jibge a ɗakunan adana takardun gwamnati. Abin da ya ci kusan ƙarni guda shi ne amincewa da cewa jarumtar baƙar fata ta cancanci sakamako daidai da ta kowa.

Daga tashar jirgi zuwa bariki

Cikakken sunansa William Henry Johnson. A takardar da ya cika lokacin rajistar soja, ya nuna cewa an haife shi ranar 15 ga Yuli, 1892 a garin Winston-Salem da ke jihar North Carolina, a kudancin Amurka, inda dokokin wariya suka raba baƙar fata da farar fata a makaranta, da jirgin ƙasa, da asibiti, har da maƙabarta. Tun yana saurayi ya bi sahun masu ƙaura zuwa arewa neman abin rufin asiri, ya yada zango a Albany, babban birnin jihar New York. Ya yi tuƙin mota, ya yi leburanci a wurin sayar da kwal, ya yi aiki a kantin haɗa lemo, daga bisani ya zama ɗan dako a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, cikin masu jar hula da ke ɗaukar wa fasinjoji akwatuna. Gajere ne marar jiki: tsawonsa ƙafa 5 da inci 4, nauyinsa kuma bai wuce kilo 59 ba.

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 6 ga Afrilu, 1917. Bayan wata biyu, ranar 5 ga Yuni, Johnson ya shiga Runduna ta 15 ta dakarun tsaron jihar New York, wadda aka kafa a 1916 domin baƙaƙen fata kaɗai. Kwamandanta Kanar William Hayward lauya ne farar fata, haka ma yawancin hafsoshinta. Sojojin kuwa 'yan dako ne, da masu raba abinci a otal, da leburori daga unguwannin Harlem da Brooklyn da garuruwan kewaye. A farkon kafa ta, saboda rashin bindigogi, da sandunan tsintsiya suke atisaye a kan titi.

Shugabannin baƙaƙen fata da dama na wancan zamani sun ƙarfafa wa matasansu gwiwar shiga soja, bisa fatan cewa wanda ya zubar da jininsa domin ƙasa ba za a ƙara hana shi ƙuri'a ko kujera a jirgi ba. Kimanin baƙaƙen fata 380,000 ne suka sanya kaki a lokacin yaƙin, kusan 200,000 daga cikinsu aka kai Faransa, amma mafi yawansu shebur da diga aka ba su maimakon bindiga.

Tun kafin su bar gida suka fara ganin abin da ke jiransu. A Oktoban 1917 aka tura rundunar samun horo a sansanin Wadsworth, kusa da garin Spartanburg a jihar South Carolina, inda magajin garin ya fito fili ya nuna ba ya maraba da su. An riƙa korar sojojin daga gefen titi, aka kuma mari wani saje mawaƙi mai suna Noble Sissle a zauren wani otal saboda ya shiga sayen jarida bai cire hula ba. Wata biyu kafin nan an yi mummunan rikici tsakanin sojoji baƙaƙen fata da mutanen birnin Houston, wanda daga baya aka rataye soja 19 a kansa. Gudun kada a maimaita, hukuma ta kwashe rundunar bayan kimanin mako biyu, ta shirya tura ta Turai. An hana ta shiga faretin bankwana da aka yi wa sauran rundunonin jihar a birnin New York.

Aron soja ga Faransa

Jirgin ruwansu ya isa tashar Brest a ƙarshen Disamban 1917. Maimakon fagen daga, sai aka wuce da su Saint-Nazaire, inda suka yi watanni suna sauke kaya daga jiragen ruwa, suna haƙa ramuka da shimfiɗa layin dogo. Abin da ya fara fito da sunan rundunar a Faransa shi ne ƙungiyar badujalarta ƙarƙashin Laftanar James Reese Europe, wadda ta zagaya garuruwa tana kaɗa wa Faransawa salon kiɗan jaz da yawancinsu ba su taɓa ji ba.

A wannan lokaci Faransa tana cikin tsananin buƙatar mayaƙa. Ta riga ta yi asarar soja fiye da miliyan ɗaya, ga shi kuma ranar 21 ga Maris, 1918 Jamus ta ƙaddamar da wani gagarumin farmaki da nufin gama yaƙin kafin Amurkawa su taru da yawa. Babban kwamandan sojojin Amurka, Janar John Pershing, ya daɗe yana ƙin yarda a rarraba dakarunsa ƙarƙashin tutar wata ƙasa. Amma da aka zo kan rundunoni huɗu na baƙaƙen fata, sai ya sassauta, ya miƙa su ga Faransawa. Da wannan ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya biya wa abokan ƙawance buƙata, ya kuma raba kansa da matsalar sojoji farare da ke ƙin yin yaƙi kafaɗa da kafaɗa da baƙaƙe.

Aka sauya wa rundunar suna zuwa Runduna ta 369, aka sanya ta cikin Babbar Runduna ta Huɗu ta Faransa ƙarƙashin Janar Henri Gouraud. Wannan janar ba baƙo ba ne a tarihin Afirka ta Yamma, domin shi ne hafsan da ya kama Samori Ture a 1898, ya kuma yi aikin mulkin mallaka a yankunan Nijar, da Chadi, da Muritaniya, da Maroko. Faransa ba ta tsira daga nuna bambanci ba, tana ma ɗibar 'yan Afirka dubbai, wasu da ƙarfin tuwo, tana kai su fagen daga. Sai dai hafsoshinta sun saba jagorantar baƙaƙen fata a bakin wuta, kuma ba sa ƙyashin rataya musu lamba idan sun yi abin yabo. Mutanen Hayward suka riƙe kakinsu na Amurka, aka ba su hular kwano da bindigogi da abinci irin na sojan Faransa. A watan Afrilu suka karɓi nasu ɓangaren ramukan yaƙi a yankin Champagne, daf da bakin dajin Argonne ta yamma.

Daren da ya fito da sunansa

A tsarin yaƙin ramuka, kowane ɓangare yakan kafa ƙananan wuraren gadi can gaba da layinsa, cikin filin da ba na kowa ba, a kewaye su da waya mai ƙaya. Aikin masu gadin shi ne kasa kunne da sanar da na baya idan abokan gaba sun motsa. Su kuma abokan gaba sukan aiko da ƙaramin ayari da dare ya sato soja ɗaya ko biyu da rai, domin a tatsi bayani a kan rundunar da ke gabansu. Jamusawa sun lura an kawo sababbin mutane wannan yanki, suna kuma son sanin ko su wane ne.

A irin wannan wurin gadi, a dajin Hauzy, aka ajiye Johnson tare da Needham Roberts, wani yaro ɗan shekara 17 daga garin Trenton na jihar New Jersey. Dukansu biyu farabiti ne, wato mafi ƙanƙantar muƙami a soja. Sauran abokan aikinsu suna hutawa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wajen ƙarfe biyu na dare suka ji ƙarar almakashi yana datse waya. Johnson ya wurga gurneti wajen da sautin ke fitowa, nan take aka mayar musu da ruwan harsashi da gurneti. Roberts ya samu munanan raunuka har ya kasa tsayuwa, amma daga kwance ya ci gaba da miƙa wa Johnson gurneti yana jifa, shi ma Johnson ɗin jini yana zuba a jikinsa.

Da gurnetin ya ƙare, maharan suka kutso cikin ramin. Bindigar Faransa da ke hannun Johnson harsashi uku kacal take ɗauka. Ya harbe su duka, kuma kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari daga baya, cikin duhu da gaggawa ya cusa mata harsashin Amurka, ta cije. Sai ya kama ta ta baki ya riƙa maka wa duk wanda ya matso, har katakon gindinta ya farfashe. Ana cikin haka ya hango Jamusawa biyu sun ciccibi Roberts za su tafi da shi. A nan ne ya zaro bolo, wata gajeriyar adda mai nauyi da ake ba soja domin saran daji, ya afka musu. Ya sari na farko a ka, ya soki wani a ciki, ana harbinsa yana ƙara dannawa, har suka saki yaron. Da maharan suka ji motsin dakarun agaji na tafe, sai suka kwashi matattunsu da masu rauni suka ja da baya, Johnson yana bin su da gurnetin da ya tsinta.

Da gari ya waye, Kyaftin Arthur Little ya bi sawun jini har zuwa inda maharan suka ɓalle waya suka fita. Ya tarar da gurneti da yawa, da almakasan yanka waya, da ƙananan bindigogi da suka zubar. Daga sawun ƙafa da kayan da aka bari ya ƙiyasta cewa maharan sun kai 24, kuma an kashe huɗu daga cikinsu. Takardar yabon da gwamnatin Amurka ta fitar a 2015 ta taƙaita a kan cewa ba su gaza 12 ba. Ko wanne adadi aka ɗauka, mutum ɗaya ne mai rauni ya hana su cimma abin da ya kawo su, ya kuma kare sauran 'yan rundunarsa da ke baya daga farmakin ba-zata. Raunukansa sun haɗa da na kai, da fuska, da hannu, da kwiɓi, ƙafarsa ta hagu kuwa ta ragargaje har sai da aka sanya mata ƙarfe.

Yabo daga waje, shiru daga gida

An yi dace wasu 'yan jarida uku na Amurka, Irvin Cobb da Martin Green da Lincoln Eyre, sun kawo ziyara rundunar a daidai wannan lokaci. Su suka aika labarin gida, jaridu suka buga shi da manyan haruffa, aka kuma laƙaba wa Johnson sunan Baƙar Mutuwa. Ranar 20 ga Mayu, Janar Pershing ya ambaci bajintar sojojin biyu a rahoton da ya aika Washington. Kanar Hayward ya rubuta wa matar Johnson doguwar wasiƙa yana bayyana mata abin da mijinta ya yi, wasiƙar da daga baya aka shigar cikin kundin zaman Majalisar Dokokin Amurka a wannan shekarar.

Faransa ta ba su biyun lambar Croix de Guerre, wato Gicciyen Yaƙi, ta Johnson kuma aka haɗa mata da ganyen dabino, alamar mataki mafi girma na wannan lamba. Suna cikin Amurkawan farko da suka same ta a yaƙin. Rundunarsa ta ƙara masa girma zuwa saje. Daga hukumar sojan Amurka kuwa, ko lambar jarumta ɗaya ba ta fito ba.

Wata takarda da aka rubuta ranar 7 ga Agusta, 1918 ta nuna irin iskar da ke kaɗawa a sama. Kanar Louis Linard, jami'in Faransa mai kula da hulɗa da hedikwatar sojan Amurka, ya aika wa hafsoshin ƙasarsa bayanin sirri a kan yadda Amurkawa farare ke son a riƙa mu'amala da sojoji baƙaƙe. Ya shawarce su kada su ci abinci tare da su, kada su yi musabaha da su, kada kuma su cika yabonsu, musamman a gaban farare. Masanin nan W.E.B. Du Bois ya samo takardar, ya buga ta a mujallar The Crisis a Mayun 1919.

Runduna ta 369 ta yi kwana 191 a bakin daga, fiye da kowace runduna ta Amurka irinta. A ƙarshen Satumba ta ƙwace ƙauyen Séchault bayan ƙazamin faɗa, kuma kafin a tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, mutanenta kusan 1,500 ne aka kashe ko aka raunata. Faransa ta ba rundunar baki ɗaya Croix de Guerre, ta kuma ba mutum 171 daga cikinta tasu ta ƙashin kansu. A nan ta samo sunan da aka fi saninta da shi, Harlem Hellfighters, wato mayaƙan wuta na Harlem. Mutum ɗaya ne cikin rundunar ya samu Medal of Honor a wancan zamani, Laftanar George Robb, wanda ya ci gaba da jagorantar mutanensa a Séchault duk da raunuka. Ya cancanta, kuma farar fata ne. Cikin Amurkawa fiye da 100 da aka ba wannan lamba bayan yaƙin, babu baƙar fata ko ɗaya.

Fareti da jawabin St. Louis

Ranar 17 ga Fabrairu, 1919 birnin New York ya biya rundunar bashin faretin da aka hana ta. Soja kimanin 3,000 suka taka daga tsakiyar birnin, suka bi babban titin Fifth Avenue har zuwa Harlem, badujalar Europe tana gaba, jama'a dubun dubbai, farare da baƙaƙe, sun yi dafifi a gefen hanya. Saboda ƙafarsa, Johnson bai taka ba. An ɗauke shi a buɗaɗɗiyar mota, yana tsaye yana ɗaga wa jama'a damin furanni, ana kiran sunansa daga kowace kusurwa.

A cikin watan aka sallame shi daga soja, amma takardar sallamar ba ta ambaci raunukansa ba. Gwamnati ta yi amfani da sunansa da hotonsa wajen tallar takardun lamunin yaƙi da jawo matasa shiga soja, masu shirya taruka kuma suka riƙa biyansa yana zagaya garuruwa yana ba da labari.

A ƙarshen Maris, 1919 aka gayyace shi wani babban taro a birnin St. Louis. Masu taron sun sa ran zai yi magana a kan haɗin kan farare da baƙaƙe a fagen daga. Shi kuwa da ya hau mumbari sai ya fasa ƙwai: ya bayyana yadda sojoji farare suka ƙi zama rami ɗaya da baƙaƙe, da wulaƙancin da 'yan uwansa suka sha a hannun hafsoshinsu, da yadda ake tauye musu yabon da suka cancanta. Baƙaƙen fata da ke zauren suka yi ta tafi, tsofaffin sojoji farare na birnin kuwa suka harzuƙa. Aka fitar da sammacin kama shi bisa zargin ci gaba da sanya kaki bayan wa'adin da doka ta yarda wa wanda aka sallama. Daga nan gayyata ta ɗauke ɗif. An ci moriyar ganga, aka yada kwaurenta.

Shekarar ma ba ta zo wa tsofaffin sojoji baƙaƙe da daɗi ba. A bazarar 1919 rikicin launin fata ya ɓarke a birane da dama, ciki har da Washington da Chicago, inda a nan kaɗai aka kashe mutum 38. Gungun farare sun kashe baƙaƙen fata fiye da 70 ba tare da shari'a ba a wannan shekara, aƙalla goma daga cikinsu sojoji ne da suka dawo daga yaƙi. Fatan da aka shiga soja da shi ya bi ruwa.

Shekarun ƙarshe

Johnson bai iya komawa dako yadda ya saba ba, domin ƙafar ba ta jure doguwar tsayuwa. Ya koma birnin Washington, inda ya yi jinya a asibitin soja na Walter Reed. An daɗe ana ba da labarin cewa gwamnati ba ta taɓa ba shi ko sisi ba, amma takardun hukumar kula da tsofaffin sojoji sun nuna cewa ranar 16 ga Satumba, 1927 an tabbatar masa da naƙasa ta dindindin saboda tarin fuka, ana kuma biyansa kuɗin wata. A 1928 Theodore Roosevelt ƙarami, ɗan tsohon shugaban ƙasa kuma hafsan da ya yi yaƙi a Faransa, ya lissafa shi cikin Amurkawa biyar mafiya jarumta a yaƙin, a littafinsa mai suna Rank and File.

Ya mutu ranar 1 ga Yuli, 1929 a Washington sakamakon kumburin tsokar zuciya, saura mako biyu ya cika shekara 37. An binne shi da karramawar soja a sashe na 25 na maƙabartar ƙasa ta Arlington, wadda a lokacin ita ma take ware wa baƙaƙen fata ɓangarorinsu daban, har zuwa 1948. Needham Roberts, yaron da ya ƙwato, ya koma gida New Jersey, ya rayu har 1949.

Daga nan sunan Johnson ya dushe, har masu neman tarihinsa suka ɗauka an binne shi ne a kabarin da ba shi da alama. Sai wajajen 2001 masu bincike na hukumar sojan jihar New York suka gano kabarin a Arlington, ƙarƙashin cikakken sunansa da mutane kaɗan suka sani.

Doguwar hanyar lambar yabo

Ƙofar ta fara buɗewa ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matsin lamba ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta sake duba dalilin da ya sa babu baƙar fata ko ɗaya cikin waɗanda aka ba Medal of Honor a yaƙin duniya biyu. Binciken ya tono takardar neman lambar da aka rubuta wa Kofur Freddie Stowers na Runduna ta 371, wanda aka kashe ranar 28 ga Satumba, 1918 yana jagorantar mutanensa, takardar da ba a taɓa aiki da ita ba. Shugaba George Bush babba ya miƙa wa 'yan uwansa mata lambar a Afrilun 1991. A 1997 Shugaba Bill Clinton ya ba sojoji baƙaƙe bakwai na Yaƙin Duniya na Biyu, mutum ɗaya ne kawai cikinsu, Vernon Baker, yake raye.

Matsalar Johnson ta fi ta Stowers wuya. Ƙa'ida ta tanadi cewa sai shugabannin soja na lokacin sun nema wa mutum lambar a rubuce, tare da shaidar gani da ido, kuma cikin 'yan shekaru ƙayyadaddu. Shi kuwa babu wanda ya nema masa tun farko, ga shi ya yi faɗan ne ƙarƙashin kwamandojin Faransa. Wato rashin adalcin 1918 shi ya zama hujjar ƙin gyarawa daga baya.

A Albany, wani tsohon sojan yaƙin Vietnam mai suna John Howe ya ɗauki maganar a kansa, tare da ƙungiyar tsofaffin sojojin Runduna ta 369. A 1991 birnin ya kafa dutsen tunawa da Johnson a dandalin Washington Park, ya kuma sanya wa wani titi sunansa. A Yunin 1996 aka ba shi Purple Heart, lambar da ake ba duk sojan da aka raunata a yaƙi, wadda sai a 1932 aka fara bayar da ita, shekara uku bayan mutuwarsa. Sanata Chuck Schumer na New York ya shiga fafutukar daga 1999. A 2001 maganar Medal of Honor ta kai matakin ƙoli a ma'aikatar tsaro ta tsaya, aka amince da wadda ke bi mata a daraja, Distinguished Service Cross.

Wanda ya karɓi wannan lamba a Fabrairun 2003 shi ne Herman Johnson, tsohon sojan rundunar sama ta Tuskegee kuma tsohon ɗan majalisar jihar Missouri, wanda ya tashi da imanin cewa Henry Johnson mahaifinsa ne, ya kuma yi shekaru yana nema masa haƙƙi. Ya mutu a 2004, Howe ya bi shi a 2005, babu wanda ya ga ƙarshen aikin a cikinsu.

A 2011 ma'aikatan ofishin Schumer suka gano rahoton Pershing na Mayun 1918, suka haɗa shi da wasiƙar Hayward da bayanin da Roberts ya bayar da bakinsa, suka miƙa wa sojan ƙasa kundi mai shafi fiye da dubu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan takardu da yake sabo; dukansu sun girmi masu karanta su. A 2014 Sakataren Tsaro Chuck Hagel ya amince, a Disamba kuma Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman da ta ɗage ƙa'idar wa'adi.

Ranar 2 ga Yuni, 2015 Shugaba Barack Obama ya bayar da lambar a Fadar White House, a biki ɗaya da na Saje William Shemin, wani Bayahude da shi ma aka tsallake bayan wannan yaƙi. Kafin bikin, binciken da sojan ƙasa suka yi a kan asali ya nuna babu dangantakar jini tsakanin Henry da Herman, ko da yake hukuma ta yaba wa iyalin Herman bisa ƙoƙarinsu, ta kuma gayyace su. Da yake ba a samu magajin da aka tabbatar ba, Babban Saje Manjo Louis Wilson na dakarun tsaron jihar New York ne ya miƙa hannu ya karɓa.

Suna a ƙofar bariki

Karramawar ba ta tsaya nan ba. A 2021 aka sanya hannu a dokar ba rundunar Harlem Hellfighters lambar zinare ta Majalisar Dokoki. Ranar 13 ga Yuni, 2023 aka sauya wa babban barikin Fort Polk da ke jihar Louisiana suna zuwa Fort Johnson. Tsohon sunan na Leonidas Polk ne, janar ɗin 'yan awaren Kudu kuma mai mallakar bayi, wanda ya yaƙi gwamnatin Amurka a yaƙin basasa. Sauyin yana cikin shirin da Majalisar Dokoki ta umarta na cire sunayen 'yan aware daga barikokin soja.

Sunan ya yi kimanin shekara biyu ne kacal a ƙofar barikin. A Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta sanar da mayar da tsofaffin sunaye. Da yake doka ta hana amfani da sunan ɗan aware, sai aka nemo wani Polk ɗin daban, Janar James Polk, wanda ya yi fice a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ce shi ake nufi. Aka sauke allon Johnson.

Lambar 2015 dai tana nan a kundin sojan Amurka, an kuma rubuta ta a dutsen kabarinsa a Arlington. A Albany titin Henry Johnson yana ratsa unguwannin da baƙaƙen fata suka fi yawa, kuma tun daga 2017 birnin ya keɓe ranar 5 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da shi, ranar da ɗan dakon tashar jirgi ya ajiye jar hularsa ya shiga soja.